Batirin da Ke Son Zafi: Narkakken Gishiri da Ajiyar Wuta a Maiduguri

Lacca ga jama'ar unguwar Moduganari

 

A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun babban layin lantarki da ke tasowa daga Damaturu zuwa Maiduguri. Injiniyoyi suka shafe kusan wata biyu suna aiki cikin haɗari har suka maido da wuta a watan Maris, amma ba a yi kwana nawa ba aka sake sa wa turakun bam. Birni mai mutane fiye da miliyan ɗaya ya zauna cikin duhu wata da watanni. Mai sayar da ƙanƙara, mai walda, tela, mai niƙa, kowa ya ji a jikinsa. Daga baya, a watan Maris na 2023, aka buɗe tashar gas mai ƙarfin megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina, sai kuma ga cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun shekarar, wanda ya sa janareta ya fi ƙarfin talaka. Waɗannan abubuwa ne suka hau da farantan sola kan rufin gidaje da shaguna a Moduganari da sauran unguwanni.

Wanda duk ya haɗa sola ya san inda gizo ke saƙar. Faranti yana iya kai shekara ashirin yana aiki, rana kuwa Allah ya hore wa Borno ita. Batir ne ke cin kuɗi, shi ne kuma ke fara mutuwa. A leƙa bayan rumfar mai cajin waya a ga dogon batirin dalma a ƙasa: farin gari ya taru a kan kawunansa, ruwan ciki ya ja baya, mai rumfa na bin ramukan ɗaya bayan ɗaya yana ƙara tataccen ruwa. A kan teburinsa kuma ba a rasa wayar da batirinta ya kumbura har ya ɗaga gilashi. Masu ƙera batirin dalma suna auna tsawon ransa ne a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, kuma ƙa'idar da suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba wannan rai biyu. A Maiduguri kuwa, zafin rana a watan Afrilu yakan kai digiri 40 ko ya wuce, kuma ɗakin da aka rufa da kwano ya fi waje zafi. Ba laifin mai haɗawa ba ne kullum. Kayan ne aka yi su don wata ƙasa.

Wannan lacca a kan wani irin batir take wanda lissafinsa ya sha bamban, domin shi zafi na taimakonsa har zuwa wani mataki. Kafin a kai gare shi, sai an buɗe cikin batirin litiyum da ke aljihun kowa.

Abu uku ne a ciki. Akwai ɓangaren fozitib, akwai ɓangaren negetib, akwai kuma abin da ke tsakaninsu, wanda masana ke kira ilektirolait. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyum masu ɗauke da caji, wato ayon, suna barin ɓangaren fozitib su ratsa ta tsakiya su shige cikin girafait da ke ɓangaren negetib. Idan ana amfani da wayar sai su juyo. Aikin ilektirolait shi ne ya bar ayon su wuce amma ya tare lantarki, don dole lantarkin ya bi ta waya ya kunna fitila ko fanka. Stanley Whittingham ne ya fara nuna wannan hanya a shekarun 1970 yana aiki da kamfanin Exxon. John Goodenough ya samo sinadarin ɓangaren fozitib mai kobal a Jami'ar Oxford a 1980, Akira Yoshino na Japan ya haɗa samfurin da ba shi da haɗari sosai a 1985, kamfanin Sony ya fito da shi kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2019.

Rauninsa yana nan a tsakiya. Ilektirolait ɗin da ake amfani da shi gishirin litiyum ne da aka narkar a cikin wasu ruwaye masu kama wuta. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake taƙaita sunansa DMC, tururinsa na iya kamawa tun daga wajen digiri 18. Muddin batir na rufe kuma lafiya lau yake, babu matsala. Amma idan aka huda shi, ko aka cika masa caji da caja marar kyau, ko siririyar takardar da ta raba ɓangarorin biyu ta narke, sai zafi ya haifar da wani zafin, sinadaran fozitib su saki iskar oksijin, ruwan ya kama, wutar ta riƙa ciyar da kanta daga ciki. Abin da ya sa aka dakatar da jiragen Boeing 787 a watan Janairun 2013 ke nan, shi ne kuma ya sa Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 a 2016. Gishirin kansa ma ba ya shiri da ruwa: idan danshi ya taɓa shi yana fitar da wani asid mai guba da ke cin gilashi. Mutanen da suka ga abin da ambaliyar madatsar Alau ta yi wa gidaje da shaguna a watan Satumban 2024 suna da dalilin riƙe wannan a zuciya. Batirin litiyum da ya kwana a cikin ruwa ba abin shanyawa a mayar kan inbata ba ne.

Shi ya sa masana suka daɗe suna neman su cire ruwan su sa wani abu daskararre. Riba biyu suke hange. Ta farko, abin da ba ya tururi ba ya saurin kamawa. Ta biyu ta fi girma: idan tsakiyar ta yi ƙarfi, ana iya jefar da girafait a sa tsantsar ƙarfen litiyum a ɓangaren negetib. Giram ɗaya na girafait yana riƙe caji 372 a ma'aunin da ake amfani da shi, giram ɗaya na litiyum kuwa 3,860, wato ninki goma. An taɓa gwada ƙarfen litiyum da ilektirolait mai ruwa. Kamfanin Moli Energy na Kanada ya sayar da irinsa, amma a kowane caji sai siraran ƙayoyin ƙarfe su riƙa tsirowa daga litiyum ɗin har su huda zuwa ɗaya ɓangaren. A 1989 wata waya ta kama wuta a Japan, aka janye kayan, kamfanin ya durƙushe.

Hanyoyi uku ake bi wajen neman daskararren ilektirolait. Akwai na tangaran, irin wanda ƙungiyar Werner Weppner ta bayyana a Jamus a 2007: yana da ƙarfi, amma sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000, yana kuma tsagewa. Akwai mai sinadarin farar wuta, wanda Ryoji Kanno na Tokyo ya nuna a 2011 cewa yana wuce da ayon daidai da ilektirolait mai ruwa, sai dai da ya shaƙi danshi yake fitar da iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kamfanin Toyota a kansa ya dogara, ya kuma ce yana sa ran fito da shi a 2027 ko 2028. Na ukun shi ne polima, dangin roba da leda, kuma shi ne abin magana a yau.

Labarinsa ya faro ne a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 1973, inda Peter Wright da abokan aikinsa suka gano cewa wata polima da ake kira PEO tana narkar da gishiri a jikinta ba tare da ɗigon ruwa ba, kuma ayon na tafiya a ciki. A 1978 Bafaranshe Michel Armand ya ce ai wannan batir ne. PEO doguwar sarƙa ce mai ɗauke da ƙwayoyin oksijin a jere. Ayon ɗin litiyum yana maƙalewa a wasu daga cikinsu, idan sarƙar ta motsa sai ya saki waɗannan ya kama na gaba. Tafiyarsa ke nan, kuma ta dogara kacokan a kan motsin sarƙar. To a ƙasa da digiri 60 zuwa 65, yawancin sarƙoƙin PEO suna jeruwa su sandare. A zafin ɗaki na Turai, saurin wucewar ayon a cikinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ilektirolait mai ruwa ba.

Duk da haka an yi batir da ita, an kuma sayar. Kamfanin Blue Solutions na rukunin Bolloré a Faransa ya ƙera batir mai ƙarfen litiyum da polima, ya sa shi a motocin haya na Autolib da suka yi aiki a birnin Faris daga 2011 zuwa 2018, da kuma manyan bas masu suna Bluebus. Dabarar ita ce a riƙa dumama batirin ya zauna tsakanin digiri 60 da 80, ko da motar na ajiye. A Faris wannan asara ce, domin wutar da aka tara ita ake ƙonawa wajen dumama ma'ajiyarta. Abin lura shi ne inda kamfanin ya kai wannan batir bayan Faransa. Daga 2014 ya kafa wuraren da ya kira Bluezone a Gini, Togo, Benin da maƙwabciyarmu Nijar, inda farantan sola ke cika irin waɗannan batura su ba da wuta da ruwan famfo da intanet. Wato daskararren batirin litiyum ya riga ya yi aiki a yankin Sahel tuntuni, a lokacin da duniya ke ta maganarsa a matsayin abin gobe.

Gaskiya kuma ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. A watan Afrilun 2022 bas biyu na Bluebus suka kama wuta a Faris, hukumar sufurin birnin ta janye guda 149 daga hanya na wani lokaci. Daskarewar ilektirolait tana rage haɗari, ba ta kawar da shi.

Tambayar da ta rage wa masana ita ce yadda za a sa polima ta yi laushi ba tare da an dumama ta ba, kuma ba tare da an mayar mata da ruwa mai kama wuta ba. A nan narkakken gishiri ya shigo.

Gishirin miya ba ya narkewa ya zama ruwa da kansa sai zafi ya kai digiri 801, saboda ƙwayoyinsa ƙanana ne, a mulmule, suna jeruwa su riƙe juna gam. Amma idan ƙwayoyin gishiri suka zama manya, masu karkataccen fasali, cajinsu kuma ya bazu a jikinsu, sai su kasa jeruwa. Irin wannan gishiri yana zama ruwa a zafin ɗaki, alhali babu ko ɗigon ruwan sha a cikinsa, ayon ne zalla. Paul Walden, masanin sinadarai haifaffen Latbiya, ya bayyana guda a 1914 wanda ke narkewa a digiri 12. An daɗe ba a kula ba, domin waɗanda aka samu bayansa suna lalacewa da sun haɗu da iska. A 1992 John Wilkes da Michael Zaworotko, suna aiki a makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka, suka haɗa waɗanda ke jure iska da danshi. Daga nan fagen ya buɗe. A yau duk gishirin da ke narkewa ƙasa da digiri 100 ana lissafa shi a wannan dangi, kuma an haɗa ɗaruruwansu.

Halinsu ne ya ja hankalin masu batir. Kusan ba sa tururi sam, don haka babu abin da tartsatsi zai kama a samansu. Da yawansu suna jure zafin digiri 300 kafin su fara lalacewa. Suna kuma wuce da caji da kansu. A 2014 aka harba wani ƙaramin tauraron ɗan'adam na Japan mai suna Hodoyoshi-3 ɗauke da batirin litiyum mai irin wannan gishiri, wanda Masashi Ishikawa na Jami'ar Kansai ya jagoranci ƙera shi. Dalili a fili yake: a sararin samaniya babu iska mai danne ruwa, ilektirolait na yau da kullum zai so ya tafasa ya kumbura jakarsa, wannan kuwa ko a jikinsa.

A 2003, a cibiyar binciken ENEA da ke kusa da birnin Rum, Joon-Ho Shin da Wesley Henderson da Stefano Passerini suka zuba narkakken gishiri a cikin PEO mai gishirin litiyum. Abin da ya faru ya yi kama da aikin baduku idan ya shafa wa busasshiyar fata mai ya murza: fatar tana nan fata, amma yanzu tana lanƙwasa. Narkakken gishirin ya shiga tsakanin sarƙoƙin ya hana su jeruwa, ya kuma sassauta riƙon da suke yi wa litiyum. Abin da ya fito siririn fallen roba ne, mai ɗan haske, wanda ake ɗauka da hantsaki a yanka da almakashi, ba ya ɗiga ba ya jiƙa hannu. Saurin wucewar ayon a digiri 20 ya ɗaga zuwa wajen kashi ɗaya cikin ɗari na ilektirolait mai ruwa. Har yanzu da saura, amma tazarar ta ragu ƙwarai. A 2006 ƙungiyar ta wallafa sakamakon cikakken batir mai ƙarfen litiyum a gefe guda da wani sinadari da ake kira LFP a ɗaya gefen, wanda suka yi ta caji da saukewa a digiri 40.

A tsaya a kan wannan lamba. Ga mai bincike a Italiya, digiri 40 na nufin a sa batir a cikin akwatin dumama, kuma a rubuta a rahoto cewa har yanzu bai kai ga aiki a zafin ɗaki ba. Ga mutumin Moduganari, digiri 40 shi ne zafin ɗakin da inbata ke ciki da azahar a watan Afrilu. Abin da ake lissafawa naƙasu a can, a nan kusan kyauta ake samunsa a lokacin bazara. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata Borno ta ɗauki wannan bincike a matsayin labarin nesa ba.

Wasu masanan sun bi ta wata hanyar. Hiroyuki Ohno na Tokyo ya fara a 1998 da ɗaure ƙwayoyin narkakken gishirin kansu su zama sarƙar polima, ta yadda babu abin da zai tsiyaye. Masayoshi Watanabe na Yokohama ya ƙware a kan haɗa polima a cikin narkakken gishirin har ya kame. Maria Forsyth ta Jami'ar Deakin a Ostareliya da David Mecerreyes na ƙasar Sifen sun yi aiki mai yawa a kan wata polima da asalinta ba baƙuwa ba ce ga injiniyoyin ruwa, domin danginta, polyDADMAC, shi ake zubawa a matatun ruwan sha a ƙasashe da dama don ya tattara laka ta kwanta. Idan aka musanya ɓangaren kuloraid da ke jikinta da wani mai fulorin, sai ta koma abin da ke riƙe gishirin litiyum mai yawa ba tare da ta sandare ba.

To me ya hana a sami irin wannan batir a Kasuwar Monday ta Maiduguri? Matsalolin na gaske ne. Narkakken gishiri yana da kauri, ninki goma ko fiye na ruwayen da ake amfani da su yanzu, kauri kuwa yana rage gudu. Mafi damuwa shi ne cunkoso: a cikin fallen akwai ayon iri uku ko fiye, duk suna motsi idan aka ja wuta, amma litiyum kaɗai ke yin aikin. A PEO kason cajin da litiyum ke ɗauka bai fi kashi 20 cikin ɗari ba, idan aka ƙara narkakken gishiri yakan ƙara raguwa. Sakamakon shi ne batir mai iya ba da wuta a hankali na tsawon dare, amma mai wahala da caji na gaggawa. Ga fitila da fanka da firij wannan ba babban aibi ba ne. Ga Keke Napep da ke son caji cikin rabin awa, aibi ne. Sannan duk yadda aka ƙara gishirin don gudu, fallen yana ƙara laushi, ƙayoyin litiyum kuma suna samun hanya. Masu bincike na magance wannan da ɗaure sarƙoƙin da juna ta hanyar haske, ko cakuɗa garin tangaran, kowanne da kuɗinsa.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, domin tsarkake waɗannan gishirori daga danshi da ragowar kuloraid aiki ne mai tsada. Akwai kuma batun muhalli. Waɗanda suka fi aiki suna ɗauke da fulorin, kuma wani bincike da aka wallafa a 2024 a mujallar Nature Communications ya gano dangin wannan sinadari a ruwa da ƙasa kusa da masana'antu a Amurka da Turai, ya kuma nuna cewa ba ya ruɓewa cikin sauƙi. Arewa ta san abin da sakaci da guba ke jawowa: a 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Duk fasahar batir da za ta shigo, tambayar inda mataccensa zai tafi tana tafe da ita.

Hunturu ma yana da nasa hukunci. A Disamba da Janairu, sanyin dare a Maiduguri yakan sauko ƙasa da digiri 15, daidai lokacin da ake jan wuta daga batir. Fallen da ya yi kyau da azahar ɗin Afrilu zai yi nauyin jiki da asubahin Janairu. Zafin da ke sa ayon gudu kuma shi ne ke hanzarta lalacewar fuskar da litiyum ke haɗuwa da fallen. Ba a raba wannan gardama da baki, sai da gwaji na shekara cur a irin wannan yanayi.

A halin yanzu, abin da ya fi dacewa da mai gida a Moduganari shi ne batirin LFP, wanda ƙungiyar Goodenough ta bayyana a 1997. Ba shi da kobal, yana riƙe oksijin ɗinsa gam ko da ya yi zafi, yana kuma jure caji sau dubbai idan na'urar kula da cajinsa ta gaskiya ce. Har yanzu mai ruwa ne a ciki, don haka yana son inuwa da iska, a ɗaga shi daga ƙasa, kada a jingina shi da bangon da rana ke duka, kada kuma a ajiye shi a ɗakin kwana. A yi hattara da waɗanda ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta, masu faɗin milimita 18 da tsawon 65, a naɗe su da sabuwar leda. Wanda kuma ya zo da kwali an rubuta cewa batirin daskararre ne, a tambaye shi takardar masana'anta. Ko a Sin, inda kamfanin motoci na NIO ya fara amfani da wani babban batir na kamfanin WeLion a 2024, masu shi da kansu rabin daskararre suka kira shi, domin da sauran ruwa a ciki.

Maiduguri ba baƙuwa ba ce a harkar. Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun yi suna har a jaridun waje saboda cire injin fetur daga ƙananan bas suna sa musu batir da farantin sola. A watan Disamban 2023 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da motocin haya da suka haɗa da masu amfani da lantarki. Amma ƙwayoyin batirin duk daga waje suke zuwa. Dutsen litiyum kuwa yana nan a Nasarawa da Kaduna da Kwara da Kogi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar kamfanin Avatar na 'yan Sin a jihar Nasarawa, sai dai aikinta tace dutse ne, kuma daga nan zuwa gishirin litiyum mai tsarkin da batir ke buƙata akwai matakai da yawa da ake yi a ƙasashen waje. A ƙarshen shekarar kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara ƙanana da ke aiki a ramukan haƙar litiyum na bayan fage a jihar. Abin takaici ne ƙwarai a ce rabon yaran Arewa a wannan fasaha shi ne tsintar dutse.

Ga ɗalibin sinadarai a Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat, wannan fage yana da wata falala: a cikin hanyoyi ukun nan, polima ce ta fi sauƙin shiga. Ba ta buƙatar tanderu mai digiri 1,000. Ana narkar da polima da gishiri a kwalba, a zuba a faranti mai santsi, a busar, a ɓare fallen, a matse shi tsakanin ƙarafa biyu a auna yadda yake wuce da caji daga digiri 15 zuwa 60. Abin da ke da tsada shi ne na'urar awon da kuma akwatin iskar argon da ake taɓa ƙarfen litiyum a ciki, amma matakin farko ba ya buƙatar akwatin. A Jami'ar Malaya ta Malesiya, Farfesa A. K. Arof da ɗalibansa sun gina suna a duniya da fallayen da suka yi daga sitaci da ɓawon jatan lande, wato abin da ƙasarsu ke da shi. Borno da Yobe da Jigawa suna da ƙaro, wanda shi ma polima ne da itacen ɗakwara ke fitarwa, kuma tun 2015 aka wallafa binciken da ya yi amfani da shi wajen ɗaure sinadaran batirin litiyum. Ko zai yi aiki a matsayin gidan narkakken gishiri, tambaya ce a buɗe, kuma babbar wahalarta sananniya ce: ƙaro na son ruwa, litiyum kuwa ba ya haɗa hanya da shi.

Akwai ma aikin da ya fi wannan sauƙi, wanda masu haɗa sola za su iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Ƙaramar na'urar rubuta zafi, wadda ba ta kai akwatin ashana biyu ba, a liƙa ta a jikin batir a shago mai rufin kwano, wata a ɗakin siminti, wata a ƙarƙashin kujerar keke mai lantarki, ta riƙa ɗaukar awo kowace awa daga bazara zuwa damina zuwa hunturu. A haɗa da ranar da aka sayi batirin, irinsa, da ranar da ya fara gazawa. Masu ƙera fallen polima a Italiya da Ostareliya suna zaɓar digiri 40 ko 50 ne a cikin akwatin gwaji, ba tare da ƙura ko saukar sanyin asuba ba. Awo na shekara guda daga gidaje hamsin a Moduganari zai nuna awa nawa batir ke yi sama da digiri 40, awa nawa yake yi ƙasa da 20, kuma da waɗannan lambobi biyu ne ake yanke yawan narkakken gishirin da za a zuba a cikin fallen.